Ranar da Na Sha Gatarin Aradu

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma ba wai ban gwada ba ne. Na gwada har na gaji. Matsalar ita ce ɗaliban da suka ga abin da idonsu yanzu sun cika garin Ƙaura, wani direba, wani mai tireda, wani ma shi ke auna mini jini a asibiti. Duk inda na shiga sai an sami wanda zai gaishe ni da ladabi, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, ya ƙarhin jiki?" alhali lafiyata lau.

Tarihi nake koyarwa a wata sakandare a Ƙaura Namoda. Aiki ne da ba ya canzawa: sarakunan bara su ne na bana, yaran ne kawai ake sauya mini. Abin da ke ɗan motsa mana jini a ɗakin malamai shi ne musu, kuma musun guda ɗaya ne, wane gari ne mutane suka fara zama a wannan yanki namu. Abokin karawata Malam Sanusi ne, malamin lissafi, ɗan Zurmi, mutumin da ko gaisuwa zai yi maka sai ka ji kamar gyara maka kuskure yake yi.

"Ku mutanen Ƙaura," haka yake farawa kullum, "in ba don jirgin ƙasa ba wa yas san da ku? Mu muna da ganuwa tun nan wurin kuraye ka kwana cikinai."

Akwai na uku, Malam Bello, ɗan Shinkafi, malamin Larabci. Shi ba ya sa baki. Yana gefe da ƙullin gyaɗarsa, in musu ya yi zafi sai ya ce, "Allah shi ba mai gaskiya sa'a," ya ci gaba da ɓara.

Gaskiyar magana, in dai jerin sarakuna da ganuwa za a bi, Malam Sanusi ya fi ni abin faɗa, kuma na san haka. Shi ya sa da na ci karo da wani bidiyo a waya kan mutanen zamanin dutse, waɗanda suka rayu shekaru dubbai kafin a san ƙarfe balle sarauta, sai na ji kamar an buɗe mini ƙofar baya. Mai bayanin ya nuna yadda suke fasa dutse su fitar da wuƙa, su goge wani ya zama gatari, ya kuma ce galibi a bakin ruwa suke zama. To ai mu muna da gulbin Gagare. Na ce a raina in na samo ko da dutse ɗaya da hannun mutum ya sassaƙa a gaɓar Gagare, ganuwar Malam Sanusi ta zama ginin jiya.

Daga nan na shiga gulbi. Da rani ne, ruwa ya janye, duk ranar da babu makaranta sai in ɗauki buhu in bi yashi, kaina a ƙasa. Ba na nisa, don daji ba na shiga ba ne a shekarun nan, iyakata inda zan iya jin kiran sallar gari. In na ga dutse mai ɗan kaifi sai in tsugunna, in juya shi, in auna shi a tafin hannu, in gwada yadda mutumin farko zai riƙe shi ya feɗe barewa. (Yanzu da nake tunani, abin da masu ɗibar yashi suke gani shi ne babban mutum da hula da tabarau yana tsugune shi kaɗai yana yanka iska da dutse, yana gyaɗa kai, wani lokacin har da dariya.)

Gida kuwa ya cika. Duwatsu a ƙarƙashin gado, duwatsu a bayan ƙofa, duwatsu a cikin tsohuwar roba ta wanki. Da yamma in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in wanke su ɗaya bayan ɗaya, in jera su daga babba zuwa ƙarami. Matata Rabi ta yi magana, ta yi tuntuɓe, ta sake magana, daga baya ta yi shiru. Ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin ta fara fahimtar muhimmancin aikin.

Rabi 'yar Zurmi ce, abin da Malam Sanusi ba ya gajiya da tuna mini. Da muka je gaisuwar Salla gidansu, ina tsugune a zaure gaban mahaifinta, Baba Alhaji, idona a ƙasa kamar yadda ya kamaci suruki, sai na ɗan saci kallon bango. A cikin wata 'yar alkuki, kan farin ƙyalle, na ga abin da na shafe watanni ina nema. Baƙin dutse ne mai ɗan kore-kore, sumul, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, gindinsa siriri, bakinsa mai faɗi an goge shi ta fuska biyu har ya yi kaifi. Irin na cikin bidiyon sak. Ban san abin da na amsa wa Baba Alhaji a sauran gaisuwar ba.

A mota na tambayi Rabi.

"Gatarin aradu na," ta ce. "Na kakannin Baba. An ce tare da tsawa yaf faɗo. Ba a taɓa shi hakanan."

Na yi mata dogon bayani cewa ba daga sama ya faɗo ba, hannun ɗan Adam ne ya goge shi. Ta ce to. Na haƙura na ɗan lokaci, sai ga dama ta zo: wani Dakta mai koyar da ilimin tono kayan tarihi a wata jami'a zai zo ɗaurin aure Ƙaura, na bi ta hannun ɗan'uwansa na roƙa ya ba mu awa ɗaya a makaranta, ya yarda. Shugaban makaranta ya ba ni ɗakin taro. Sai na duba duwatsuna na tsakar gida, zuciyata ta gaya mini gaskiya, cewa babu ko ɗaya a cikinsu da ya kama ƙafar na zauren Baba Alhaji. Amma ni ba zan iya buɗe baki in roƙi surukina abu ba, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Don haka na bi ta kan Rabi.

"Ki yi ma Inna waya, ta roƙa min Baba shi ara min gatarin nan."

Ta ajiye tsintsiyar hannunta, ta dube ni da kyau. "Kai da kanka kac ce a aro maka?"

"Ni da kaina."

"To, alhamdu lillahi," ta ce, har da ajiyar zuciya.

(Ya kamata wannan alhamdu lillahi ta tsaya mini a rai. Ba ta tsaya ba.)

Ga abin da ban sani ba. A gidan su Rabi dalili ɗaya ne ke fitar da wannan dutse daga zaure: in kan mutum ya taɓu. Ana aika shi gaba ya kwana biyu a ƙarƙashin matashin mara lafiya, sannan babban gida ya biyo baya da kansa, ya goga shi cikin ruwa, ya shayar, ya koma da abinsa. Kuma sun yi imani cewa ranar da mai ciwon ya nemi dutsen da bakinsa, to sauƙi ya fara samuwa. Labarin yawona a gulbi kuwa ya daɗe da isa Zurmi, direbobin tasha sun kai shi da ƙari.

Ranar kasuwa direba ya kawo mini shi cikin farin ƙyallensa, ya miƙo da hannu biyu, bai yarda mun haɗa ido ba. "Baba ya ce ka sa shi ƙarƙashin matashi. Ya ce shina nan tahe."

Na ɗauka tsoho ne kawai ke tsoron kada a yar masa da kayan gado, zuwan kuma irin na "sai na zo" ne da kowa ke faɗa. Na sa shi ƙarƙashin matashin kuwa, don kada yara su yi wasa da shi. Inna, mahaifiyar Rabi, ta riƙa bugo waya safe da yamma tana tambayar Rabi ko na yi barci, ko na ci abinci. Har na ce wa Rabi ban taɓa sanin Inna na ƙaunata haka ba.

Ranar taron ɗaki ya cika, ɗalibai har kan taga. Na shimfiɗa zanen gado a kan dogon tebur na jera duwatsuna sahu-sahu, gatarin kuwa na bar shi a aljihu sai ƙarshe. Dakta mutum ne mai sanyin hali. Ya yi wa yara bayani mai daɗi, sannan ya zo teburina ya fara ɗauka yana ajiyewa. "Wannan ruwa ne ya gyara shi." Ya ɗauki wani. "Wannan ma ruwa." Ya ɗauki wanda na fi ji da shi, wanda na sa wa suna wuƙar fiɗa. "Wannan ina jin tayar tifa ce ta taka shi." Haka ya bi aikin wata da watanni ya gama da shi kafin shayin da aka kawo masa ya huce. Malam Sanusi yana layin gaba, ya harɗe hannu, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir.

Sai na zaro gatarin.

Dakta ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya karɓa, ya bi bakin da ɗan yatsa, ya ɗaga shi wajen haske. Ya juya ga ɗalibai ya ce su duba da kyau, wannan na gaske ne, hannun mutum ne ya yi shi tun kafin a san ƙira, da irinsa aka sare itatuwan gonakin farko. Wallahi na ji hawaye na neman zubo mini. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, a ina ka same shi? Wannan ita ce babbar tambaya."

Na dubi Malam Sanusi. In na ce Zurmi, na ɗauki wuƙa da hannuna na miƙa masa ke nan, kuma sai na yi ritaya yana yanka ni da ita. Ban shirya yin ƙarya ba, Allah ya sani, bakina ne ya riga ni.

"Nan gaɓar Gagare," na ce. "Nan Ƙaura."

Ɗalibai suka ɗauki tafi da sowa. Dakta ya ce lalle gobe da safe kafin ya wuce in kai shi daidai wurin. Ina cikin tunanin wane rami zan nuna masa, sai na ji sallama daga bakin ƙofa, da wata murya da ko a mafarki na ji ta sai na gyara zama.

Baba Alhaji ne, da sandarsa da farar rigarsa ta zuwa Juma'a. Rabi na biye da shi, kanta a sunkuye, ta riƙo ƙwarya da buta da wani ɗan faffaɗan dutsen guga. Ashe ya sauka gida bai same ni ba. Shugaban makaranta ya zabura ya ba shi kujera, yana zaton babban baƙo ne na gayyato.

"A'a, ba zama yak kawo ni ba," in ji Baba Alhaji. "Mota na jirana tasha. Direba ya ce in la'asar ta yi ba ya bin hanyar nan ko da mi za a ba shi."

Ya tako har gaban teburin. Ya bi sahun duwatsun nan da kallo, daga babba zuwa ƙarami, a kan zanen gadon 'yarsa. Ya girgiza kai a hankali.

"Ashe abin ya kai haka," ya ce. Sannan ya juya ga jama'a. "Allah shi saka maku da alheri da kunka taru kanai. Ciwo ba a yi mai dariya. Yaron kirki na, bai taɓa ɓata ma ɗiyata rai ba, jarrabawa ta daga Allah."

A daidai lokacin na fahimci alhamdu lillahin Rabi, da wayoyin Inna, da direban da ya ƙi kallona, duk a tare.

Baba Alhaji ya miƙa hannu ya karɓe gatarin daga hannun Dakta kamar mai karɓar wuƙa a hannun yaro. Ya tsugunna nan gaban allo, Rabi ta zuba ruwa, ya yi bisimilla ya fara gugar bakin gatarin a kan dutsen, ƙurr, ƙurr, ruwan na gangarawa cikin ƙwarya. Dakta ya dafe kai.

"Baba, don Allah, za ka cinye masa baki!"

"Ɗana, tun zamanin kakata aka gugar shi, bai ƙare ba."

Malam Sanusi, wanda bai taɓa barin dama ta wuce shi ba, ya miƙe ya rusuna. "Baba, a gahwarce ni. Wanga dutsi, daga ina yah hito?"

"Zaurena, Zurmi. Shekaranjiya nib ba direba shi."

Ban taɓa ganin mutum ya yi farin ciki irin na Malam Sanusi ba. Ya juya ga ɗalibai ya buɗe hannuwa, yana maimaita "Zurmi! Kun ji ko? Zurmi!" Amma tsohon bai gama ba, yana guga yana magana.

"Ko da yake asali ba na Zurmi ba na. Kakata taz zo da shi cikin kayan aurenta daga Shinkahi."

Hannuwan Malam Sanusi suka sauka a hankali. Daga can baya aka ji an daina ɓarar gyaɗa, sai muryar Malam Bello, a natse: "Allah shi ba mai gaskiya sa'a."

Ni ban samu damar jin daɗin wannan ba, don Baba Alhaji ya riga ya miƙe da ƙwarya a hannu yana jirana. Hanya biyu ce a gabana. Ko in buɗe baki gaban jama'a in ce, Baba, lafiyata lau, ilimi nake yi, dutsenka kuma ba aradu ta jefo shi ba, ko in sha. Ina da digiri, ina da ɗalibai a gabana, ga Dakta, ga shugaban makaranta. Amma da na sunkuyar da kai, ƙafafunsa na gani, sun kumbura cikin takalmi saboda zaman mota. Wannan hanya ta Zurmi, wadda mutane ba sa hawa sai dole, wadda aka tare maƙwabcinsa a kanta aka yi daji da shi, ita tsohon nan ya biyo da sassafe don ya ji mijin 'yarsa ba lafiya. Ni kuwa in ba Salla ba, ko ta'aziyya aka yi a can, ta waya nake yi.

Na cire hula, na tsugunna, na karɓa da hannu biyu. Karo na farko ke nan da na sha ruwa a gaban surukina, kuma na yi shi ne a gaban makaranta guda. Ɗanɗanonsa kamar ka lashi katangar laka bayan ruwan sama. Ya shafa mini sauran a ka, ya yi addu'a Allah ya mayar mini da hankalina, ya raba ni da bin gulbi. Amin ɗin da ɗakin nan ya amsa, ban taɓa jin irinta ba ko a filin Idi, kuma na ji muryar shugaban makaranta a ciki sarai.

Na raka shi tasha ina riƙe masa buta. Da na dawo, Dakta bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi dutsen da ya bar inda aka tono shi ba ya iya ba da shaidar gari, iyakarsa ya ce wani ya yi shi, don duwatsu ma tafiya suke yi, a buhun fatake ko a kayan amarya. Bai sake tayar da maganar zuwa gulbi da safe ba.

A gida na tsare Rabi. "Kin san abin da sunka ɗauka?"

"Na sani."

"To mi ya hana ki hwaɗa min?"

"Malam," ta ce, "da burushin haƙorinka hwa kaka wanke duwatsu. Nic ce ko ba komi a gwada."

Ban sake taka gulbi ba, kunya ba ta bar ni ba. Duwatsun kuma na kwashe su a baro na cike kwatamin ƙofar gida. Wannan ne ya ƙarasa ni, domin labari ya koma Zurmi cewa sha ɗaya na yi na warke. Har yau in ana shakkar gatarin, da ni ake kafa hujja: ba ga malamin nan na Ƙaura ba, mai digiri, da ke tsince-tsince bakin gulbi? Na fita neman shaida, na dawo ni ne shaidar. Musun ɗakin malamai ma ya mutu, don da na buɗe baki sai Malam Sanusi ya tambaye ni cikin tausayi ko a aika a kira Baba.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka ari abu a gidan surukai, fara tambayar wa ake ara wa. In kuma matarka ta yi hamdala a inda ka zaci gardama, tsaya ka bincika.

Baba Alhaji ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Duk tsawon shekarun nan in ya tambaye ni jiki, "Da sauƙi, Baba" nake cewa, kuma ban yi nadamar hakan ba. Bayan an yi addu'ar bakwai sai Inna ta ba Rabi wani ƙulli cikin farin ƙyalle, ta ce wasiyya ce, Baba ya ce a ajiye shi a ɗakina saboda irin wannan ciwo yakan tashi. Yanzu haka yana cikin akwatina, bakinsa ya ɗan ƙara dakushewa. Wani lokaci nakan fito da shi in riƙe, in tuna wanda ya goge shi da farko da wanda ya goge shi a ƙarshe.

Kuma na san abin da zai faru. Wata rana, bayan mu duka mun zama ƙasa, gidan nan ya rushe, wani malamin tarihi da ya gaji da musu zai tono shi a nan tsakiyar Ƙaura, ya ruga da gudu ya ce ga shaida, nan mutane suka fara zama. Allah ya sa surukinsa na nesa.